Manhajar kyauta ba ta da dillali: Wa zai biya idan mai kaya ya bayyana?

A ranar 14 ga Fabrairun 2024, kotun ɗaukaka ƙara ta birnin Paris ta umarci kamfanin sadarwa na Orange da ya biya wani ƙaramin kamfani mai suna Entr'ouvert diyyar da ta haura euro dubu 600, wato sama da sefa miliyan 390. Laifin Orange shi ne ya ɗauki wani guntun manhaja mai suna Lasso, wanda ake bayarwa kyauta, ya saka shi cikin aikin da ya yi wa gwamnatin Faransa, amma bai cika sharuɗɗan lasisin da ke tare da shi ba. Tun 2011 aka shigar da ƙarar, sai da aka shafe shekara 13 ana kai-komo tsakanin kotuna kafin a kai ga wannan hukunci. 'Yan Nijar sun san Orange sarai, domin ya yi shekaru yana aiki a ƙasar kafin ya sayar da reshensa a 2019, wanda yanzu ya koma Zamani Telecom.

Darasin wannan shari'a a fili yake: abin da aka bayar kyauta ma yana da mai shi, kuma yana da sharaɗi. Sai dai akwai tambayar da ta fi wannan wuya, wadda ta fi shafar matasan da ke rubuta manhaja a Yamai da Dosso da Maraɗi da Kano. Idan mutum ya karanta lasisi, ya cika kowane sharaɗi, sannan daga baya wani na gefe ya fito ya ce wani ɓangare na abin nasa ne, an ɗauka ba da izininsa ba, wa zai ɗauki nauyi? Amsar da ke rubuce a kusan dukkan lasisan manhajar kyauta ita ce: wanda ya ɗauka ya yi amfani. Da yawa daga cikin matasan da ke sa hannu a kwangila ba su san haka ba.

A yau babu mai rubuta manhaja daga tushe shi kaɗai. Kamar yadda magini ba ya ƙera ƙusa da kwano da kansa, haka mai manhaja ke ɗauko guntayen da wasu suka riga suka rubuta: wannan na naɗar murya, wancan na nuna taswira, wani na karɓar kuɗi ta waya. Su ne masu sana'ar ke kira laburare. Kowane laburare kuma yakan jingina da wasu, su ma su jingina da wasu. Shi ya sa matashin da ya zaɓi laburare 10 da hannunsa zai iya tarar da ɗaruruwa a cikin aikinsa, alhali bai taɓa jin sunan mafi yawansu ba, balle ya san waɗanda suka rubuta su.

Wannan tsari babbar ni'ima ce ga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Ba don shi ba, ɗalibin jami'ar Dosso ko matashin da ya koyi sana'ar a wayarsa ba zai iya gina abin da zai yi gogayya da na kamfanonin waje ba. Amma kowane laburare yana zuwa da takardar lasisi, kuma a ƙarshen takardar akwai sakin layin da aka saba rubutawa da manyan baƙaƙe, wanda kusan kowa ke tsallakewa.

Lasisin MIT, wanda ke cikin waɗanda aka fi amfani da su a duniya, ya ce an ba da kayan ne yadda suke, ba tare da wani garanti ba, kuma ya ambata ƙarara cewa babu tabbacin kayan ba su taka haƙƙin wani ba. Lasisin Apache na 2004 ya fi shi karamci, domin waɗanda suka sa hannu a rubuta laburaren suna ba da izinin amfani da haƙƙin ƙirƙirarsu da ya shafi gudummawarsu. To amma izinin nasu kaɗai ya shafa, ba za su iya yafe haƙƙin wani na waje ba. Lasisin ya ƙara da cewa duk wanda ya ga dama ya ba abokin cinikinsa lamuni, sai dai ya yi da sunansa shi kaɗai, kuma idan lamunin ya jawo wa marubutan asali ƙara, shi zai kare su. Lasisin GPL shi ma bai ɗauki garanti ba, sannan ya ɗora sharaɗin cewa wanda ya rarraba manhajar da aka gina a kansa dole ya buɗe rubutunta a ƙarƙashin lasisi iri ɗaya.

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar dabbobi a ƙasar Arewa, daga Kore Mairuwa zuwa Dogon Dutse, zai gane abin da ake nufi. Mai hankali ba ya sayen sa daga hannun baƙo sai da dillali. La'adar da ake ba dillali ba ta haɗa ciniki kaɗai ba ce, har da tsayawa: idan gobe wani ya zo ya ce san nan nasa ne aka sace, dillali ne zai nemo wanda ya kawo shi. Malaman fiƙihun Malikiyya sun keɓe wa wannan mas'ala babi guda, babin istihƙaƙi, kamar yadda yake a Mukhtasar na Shehu Khalil: mai kaya ya karɓi kayansa, mai saye kuma ya koma kan wanda ya sayar masa ya nemi kuɗinsa. Dokar farar hula irin ta Faransa, wadda Nijar ta gada, ita ma ta wajabta wa mai sayarwa ya tsaya wa mai saye idan wani ya ƙwace abin da hujja.

A kasuwar manhajar kyauta babu dillali. Babu kuɗin da aka biya balle a koma a karɓo, kuma wanda ya bayar ya faɗa tun farko cewa ba ruwansa. Idan mai kaya ya bayyana, wanda aka tarar da kayan a hannunsa shi zai fara amsa tambaya.

Wannan ba zancen tsoratarwa ba ne, ya sha faruwa. A watan Maris na 2021 aka gano cewa wani ƙaramin laburare mai suna mimemagic, wanda ke ɗauke da lasisin MIT, ya ƙunshi wani fayil da aka ɗauko daga wani aiki mai lasisin GPL. Da aka ankarar da marubucin, sai ya janye tsofaffin nau'o'in laburaren. Nan take aiki ya tsaya wa ɗimbin masu amfani da Ruby on Rails a faɗin duniya, domin a lokacin Rails na dogara da shi ta bayan fage. Babu wanda ya yi niyyar sata. Takardar da ke kan kayan ce kawai ba ta dace da abin da ke ciki ba, kuma dubban mutane sun yi shekaru suna rarraba shi ba su sani ba.

Kafin nan an ga wanda ya fi wannan zafi. A watan Maris na 2003 kamfanin SCO na Amurka ya kai IBM ƙara yana neman dala biliyan 1, bisa zargin cewa an zuba rubutun Unix a cikin Linux. Bai tsaya nan ba, ya aika wa manyan kamfanoni kusan 1,500 wasiƙar gargaɗi, sannan a 2004 ya maka AutoZone a kotu, kamfanin da sana'arsa sayar da kayan gyaran mota ce, don kawai yana amfani da Linux. Sai a 2010 masu taimaka wa alƙali suka yanke cewa haƙƙin mallakar Unix ɗin na kamfanin Novell ne. Wanda ya yi iƙirarin bai yi nasara ba, amma waɗanda aka ja kotu sun riga sun kashe kuɗin lauyoyi. Haka Google ya yi shekara 11 yana fafatawa da Oracle kan layuka kusan 11,500 na Java da aka saka a Android, kafin Kotun Ƙolin Amurka ta ba shi gaskiya a watan Afrilun 2021. Google na da aljihun da zai jure shekara 11. Matashin da ke aiki da kwamfuta ɗaya ba zai jure wata 11 ba.

Kada kuma a ɗauka irin wannan rigima ta ƙasashen Turawa ce kaɗai. A ƙarshen 2007 kamfanin LANCOR ya kai ƙungiyar One Laptop per Child ƙara a Babbar Kotun Tarayya da ke Legas, yana neman dala miliyan 20, bisa zargin cewa an kwaikwayi allon rubutunsa na Konyin, wanda aka ƙera don harsunan Najeriya. Ƙungiyar ta musanta zargin, amma kotu ta ba da umarnin dakatar da rarraba kwamfutocin a ƙasar. Shiri ne na ba yara 'yan makaranta kwamfuta mai rahusa, duk da haka kyakkyawar niyya ba ta hana kotu sauraron mai ƙorafi ba.

Bayan rigimar SCO ne kamfanoni irin su HP da Novell da Red Hat suka fara yi wa abokan cinikinsu alƙawarin tsaya musu idan aka kai su ƙara saboda Linux. A watan Satumban 2023 Microsoft ya yi irin wannan alƙawari ga kamfanonin da ke biyan kuɗin Copilot, manhajarsa mai aiki da ƙirƙirarriyar basira. Abin lura a nan shi ne lamuni haja ce, sayar da ita ake yi. Mai biya yana samu, mai ɗaukar kyauta ba ya samu.

A nan ne matsalar ta iso gida. A ƙaddara wani matashi ɗan Kore Mairuwa da ke zaune a Yamai ya samu aikin rubuta wa wata ƙungiya manhajar da manoman gero da wake za su riƙa samun farashin kasuwa da saƙon murya da Hausa. Kuɗin aikin sefa miliyan 2 ne. Kwangilar da aka miƙo masa da Faransanci ko Turanci take, lauyoyin wata ƙasa suka tsara ta, kuma a cikinta akwai sharaɗin cewa ya tabbatar duk abin da ya miƙa nasa ne, zai kuma biya duk wata asara da kuɗin lauya idan wani ya yi ƙorafi, ba tare da iyaka ba. Yana murnar samun aiki, sai ya sa hannu. Daga wannan rana ya zama dillalin kayan da bai san asalinsu ba. Waɗanda ya ɗauko daga wurinsu sun ce ba ruwansu, wanda ya miƙa wa kuma ya ce komai a wuyansa. An biya shi miliyan 2, an ɗora masa nauyin da ba shi da iyaka.

Wasu za su ce wannan damuwa ce ta masu ƙoshi. Wane kamfani ne zai bar Amurka ya zo Dallol Mauri neman matashin da ko mota ba shi da ita? Za su ƙara da cewa Yarjejeniyar Bangui ta 1977, wadda ta kafa ƙungiyar OAPI mai mambobi 17 har da Nijar, ba ta ba da haƙƙin ƙirƙira a kan manhajar kwamfuta. Akwai gaskiya a maganar. Da wuya a ga sammaci daga ƙetare, kuma haɗarin haƙƙin ƙirƙira ya fi ƙarfi a wasu ƙasashen.

Sai dai yarjejeniyar ta kare manhaja a matsayin rubutu mai haƙƙin mallaka, haka dokar Nijar ta 2010 kan haƙƙin mawallafi, haka sabuwar dokar Najeriya da aka sa wa hannu a watan Maris na 2023. Na biyu, mai ƙorafi ba ya buƙatar zuwa Dosso. Manhajar tana zaune ne a Google Play ko App Store ko GitHub, kuma waɗannan suna bin dokar Amurka ta 1998 wadda ta sa suke sauke abu idan aka aiko musu da ƙorafin haƙƙin mallaka, tun kafin a je gaban alƙali. A watan Janairun 2011 an cire VLC daga App Store bayan ƙorafin ɗaya daga cikin marubutanta kan saɓanin lasisi, kuma ba ta dawo ba sai 2013. Idan haka ta samu manhajar manoma a tsakiyar kaka, ba sai an kai kowa kotu ba: ƙungiyar za ta riƙe ragowar kuɗi, ta nemi a mayar da na farko, sunan matashin kuma ya ɓaci a kasuwar da kowa ya san kowa. Na uku, aikin da ya fi kawo kuɗi yanzu na waje ne, wanda 'yan uwa mazauna Faransa da Kanada da Amurka da ƙasashen Larabawa ke haɗa matasa da shi, kuma a can dokokin suna aiki da haƙoransu.

Ba daidai ba ne kuma a ɗora laifi a kan marubutan laburare. Da yawansu 'yan sa-kai ne da ke aiki da dare bayan sun tashi daga wurin neman abinci. Wanda ya ba da rijiya sadaka ba a tilasta masa biyan kuɗin asibitin duk wanda ya sha. Da za a wajabta musu lamuni, da sun daina bayarwa, kuma talaka ne zai fara jin jiki. Gyaran yana wurin masu ɗauka da masu ba da aiki da hukumomi.

Abu na farko da ya rataya a wuyan mai rubuta manhaja shi ne ya san abin da ke cikin aikinsa. Ya fitar da jerin kowane laburare da nau'insa da lasisinsa, har da waɗanda suka shigo ta bayan fage. Akwai manhajojin kyauta da ke wannan aiki, irin su ScanCode da FOSSology, akwai kuma tsarin rubuta jerin mai suna SPDX da ya zama ma'aunin duniya a 2021. Ya fifita laburaren da aka san masu kula da shi a kan wanda aka tsinta ba suna ba lasisi, domin abin da ba shi da lasisi ba a ba da izinin amfani da shi ba ke nan. Ya kula da sauti da bidiyo, inda haƙƙin ƙirƙira ya fi yawa: lasisin laburare irin FFmpeg bai wanke mutum daga masu haƙƙin H.264 ba, alhali akwai tsarin murya irin Opus da aka yi shi don amfanin kowa ba biya. Hatta salon baƙaƙe yana da mai shi. Ga mai neman ƙ da ɗ da ɓ, akwai Andika da Charis da Noto, duk a ƙarƙashin lasisin kyauta, don haka babu dalilin kwafo na wani. Ita kuwa ɗabi'ar sauke manhajar kuɗi da aka fasa a saka ta a aikin abokin ciniki, wannan ba ta da uzuri ko kaɗan: sayen kayan sata ne da saninsa.

Abu na biyu shi ne kwangila. Kada ya yi rantsuwa kan abin da bai rubuta ba. Ya tsaya wa rubutunsa na kansa, ya liƙa jerin laburaren a jikin kwangilar, a rubuta cewa waɗannan suna tafiya ne bisa lasisinsu. A sa iyaka ga diyya, kada ta wuce kuɗin aikin. Ya yi alƙawarin da zai iya cikawa, wato idan ƙorafi ya taso zai sauya guntun da ake rigima a kansa cikin lokacin da aka yanke. Idan da hali, ya sa hannu da sunan kamfani mai rajista maimakon sunansa, domin kamfani mai iyakantaccen nauyi a tsarin OHADA, ko mai rajista da CAC a Najeriya, yana raba dukiyar sana'a da gonar gado. Kuɗin ganin lauya na awa ɗaya bai kai asarar aiki guda ba.

Masu ba da aiki ma da nasu. Ƙungiyoyin agaji da bankuna da kamfanonin sadarwa sun san sarai cewa matashin da suka biya miliyan 2 ba zai iya biyan miliyan 200 ba. Sharaɗin da ba za a iya cikawa ba bai kare kowa ba, sanda ce kawai da ake ajiyewa don ranar saɓani. Abin da zai kare su da gaske shi ne su nemi jerin kayan da ke cikin manhajar, su biya kuɗin bincikensa, su kuma sayi lamuni daga kamfanin da ke sayarwa idan aikin babba ne. 'Yan uwa mazauna waje da ke kawo aiki gida su ne suka fi cancanta su fara wannan gyara, tunda sun ga yadda ake ciniki a kan waɗannan sharuɗɗa a inda suke. Kawo wa ƙane aiki alheri ne, amma a karanta masa shafin ƙarshe kafin ya sa hannu.

Sai hukumomi. Hukumar ANSI da ke jagorantar shirye-shiryen zamanantar da ayyukan gwamnati a Nijar, da takwararta NITDA a Najeriya, suna iya fitar da samfurin kwangila mai adalci ga ƙananan masu manhaja, su kuma wajabta miƙa jerin laburare a duk aikin da aka yi da kuɗin jama'a. Ƙasar da ke maganar cin gashin kanta a fannin fasaha ya kamata ta san abin da ke cikin manhajar da take tattara bayanan 'yan ƙasa da ita. Hukumar BNDA da Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, waɗanda jama'a suka fi sani da batun mawaƙa da 'yan fim, ya kamata su tuna cewa doka ta sa manhaja a ƙarƙashin kulawarsu. Ɗan littafi mai shafi 10 da Hausa da Zabarmanci da Faransanci, mai bayanin bambancin MIT da Apache da GPL, zai yi aikin da taron bita goma ba su yi ba. Jami'ar Dosso da sauran makarantun fasaha, da cibiyoyin renon sana'a irin CIPMEN a Yamai, bai kamata su yaye ɗalibin da ya iya rubuta manhaja amma bai iya karanta lasisinta ba.

Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Ba wanda ya ce a daina aro, domin duniyar manhaja gaba ɗaya a kan aro take tafiya, har manyan kamfanonin. Bambancin shi ne su sun san abin da suka ara, sun san daga wa, kuma ba sa rantsuwa a kan abin da ba nasu ba. Matashin Kore Mairuwa ko na Kano da zai sa hannu a kwangila a wannan mako, ya fara buɗe fayil ɗin lasisi ya karanta sakin layin ƙarshe, sannan ya nemi a gyara shafin lamuni kafin ya ɗauki biro.